Tun Ran Gini Ran Zane: Muhimmancin Jadawali da Sa Ido a Ayyukan Gine-gine a Masarautar Gumel

Masarautar Gumel, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu na arewacin Jihar Jigawa, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, yanki ne da buƙatarsa ta hanyoyi da azuzuwa da asibitoci da magudanan ruwa take ƙaruwa kowace shekara, alhali kuɗin da ake warewa domin biyan wannan buƙata ƙayyadadde ne, kuma watannin da yanayi yake yarda a yi gini a cikinsu ba su da yawa. Duk lokacin da aikin kwangila ya tsaya ko ya lalace, abin da ya fi saurin zuwa bakin jama'a shi ne rashin amana ko rashin kuɗi, kuma babu mai musun cewa waɗannan biyun suna kashe ayyuka. Sai dai akwai sababi na uku da ba a cika ambatonsa ba, wanda yake iya durƙusar da aiki ko da ɗan kwangilar mai gaskiya ne kuma kuɗin yana cikin asusu, shi ne fara aiki ba tare da an lissafa lokacinsa ba, da kuma ci gaba da shi ba tare da ana auna inda ya kai ba. A wannan yanki jinkirin mako biyu a watan Mayu yana iya komawa jinkirin wata biyar, domin wanda damina ta riske shi bai rufe gini ba, ko bai kammala kwalbati ba, dole ne ya jira kaka, kuma a zaman jiran nan ruwa yana cin abin da aka riga aka gina, farashin kaya kuma yana hawa.

Kalandar da ƙasa ta shimfiɗa

Shekarar magini a arewacin Jigawa ta kasu ne bisa yanayi, tun kafin a san ofis ko takardar kwangila. Ruwan sama yakan sauka sosai daga watan Yuni zuwa Satumba, ya fi ƙarfi a Agusta, kuma ko da yake yawansa bai kai na kudancin jihar ba, yakan zo da ƙarfi cikin ɗan lokaci, ya cika kududdufai, ya zaizaye rairayi, ya rufe ramin fandisho da aka haƙa aka bari a buɗe. Bayan damina sai kaka, lokacin da hannun kowa yake gona wajen yankan gero da roron wake da girbin riɗi da tsinkar zoɓo, sannan hunturu daga wajen Disamba zuwa Fabrairu, wanda shi ne lokacin da ya fi dacewa da gini, sai kuma bazara a Maris da Afrilu da Mayu, inda zafin rana yakan haura digiri 40 a ma'aunin Selsiyas.

Magina na gargajiya, waɗanda suke aiki da tubali da azara da makuba a ƙarƙashin jagorancin Sarkin Magina, sun san wannan kalanda sarai, shi ya sa suke kwaɓa ƙasa da buga tubali bayan an kawar da amfanin gona, su ɗaga bango da rani, su yi rufi da yaɓe kafin hadarin farko. Wannan tsari jadawali ne cikakke duk da ba a rubuce yake ba, kuma dalilin da ya sa ya yi aiki shi ne mai gida da magini da lebura duk suna kallon sama ɗaya, babu wanda yake jiran sa hannun wani jami'i a Dutse ko Abuja kafin a kwaɓa ƙasa. Ginin zamani na siminti da rodi da kwalta ya raba waɗannan mutane, ya shigo da ma'aikata da ɗan kwangila da injiniya mai duba aiki da akanta mai biyan kuɗi da dillalin kaya, kowanne da agogonsa, don haka abin da aka saba riƙewa a ka ya zama tilas a rubuta shi a takarda ɗaya da kowa zai gani.

Samun ma'aikata ma yana bin kalandar nan. Yawancin leburori da masu buga bulo manoma ne da suke fitowa cin rani, wasu daga ƙauyukan masarautar, wasu daga ƙasar Damagaram a Jamhuriyar Nijar, kuma da zarar ruwan shuka ya sauka sukan ajiye shebur su ɗauki sungumi, ba tare da wani tayin ƙarin lada ya tsayar da su ba. Ranar Alhamis, wadda ita ce ranar babbar kasuwar dabbobi ta Maigatari, motoci da direbobi da 'yan dako da yawa sukan karkata can, sannan ga Juma'a da ake tashi da wuri, ga kuma azumin Ramadan da yake matsowa baya da kimanin kwana goma sha ɗaya kowace shekara, wanda a 2024 da 2025 ya kama a watan Maris, daidai lokacin da ake rige-rigen kammala aiki kafin damina. Jadawalin da ya ƙirga kwana talatin na aiki a kowane wata, ba tare da ya cire waɗannan ba, ya yi ƙarya tun daga shafinsa na farko.

Ma'anar jadawali da ƙashin bayansa

Jadawalin aiki shi ne rubutaccen tsari da yake rarraba babban aiki zuwa ƙananan ayyuka, ya faɗi kwanakin da kowanne zai ɗauka, ya nuna wanda dole sai an gama shi kafin a fara wani, sannan ya bayyana mutane da injuna da kayan da kowanne yake buƙata. Salon zanensa da ya fi shahara, wanda ake jera ayyuka daga sama zuwa ƙasa a ja wa kowanne layi gwargwadon tsawon kwanakinsa, ana danganta shi da injiniyan Amurka Henry Gantt, wanda ya yaɗa shi a shekarun 1910. A 1957 kamfanonin DuPont da Remington Rand suka fito da hanyar lissafi da take gano jerin ayyukan da suka fi tsawo a cikin tsarin, waɗanda suke rataye da juna tun daga ranar farko har ranar miƙa makulli, kuma a 1958 rundunar sojan ruwan Amurka ta ɓullo da makamanciyarta domin shirin makamanta na Polaris. Wannan jeri mafi tsawo shi ne ƙashin bayan jadawali, domin duk kwana ɗaya da aka rasa a kansa kwana ɗaya ne da aka rasa a kan aikin gaba ɗaya, yayin da sauran ayyukan da suke gefe suna da rarar kwanaki, wato adadin ranakun da za a iya jinkirta su ba tare da ranar kammalawa ta motsa ba.

Za a fi gane wannan idan aka ɗauki misalin ginin azuzuwa uku a wani ƙauye na Sule Tankarkar, aka ƙiyasta masa kwanaki kamar yadda mai tsara aiki zai yi. Share fili da aune shi zai ci kwana 4, haƙa fandisho kwana 6, zuba kankaren fandisho da jiran ya kama kwana 8, ɗaga bulo zuwa daɓe da cike ƙasa da danne ta kwana 12, ɗaga bango zuwa linta kwana 15, ɗaura rodi da zuba linta kwana 8, ƙarasa bango kwana 5, sannan katako da kwano kwana 12, jimilla kwana 70 na aiki kafin ginin ya samu rufi. Filasta da daɓe da fenti za su ƙara kamar kwana 30, amma waɗannan ana iya yin yawancinsu a ƙarƙashin rufi ko ana ruwa. Ƙofofi da tagogi na ƙarfe, waɗanda mai walda zai haɗa cikin kwana 20, ba a buƙatarsu sai an zo filasta, don haka idan an ba da aikinsu tun ranar farko suna da rarar kwana 50, kuma babu dalilin tayar da hankali idan sun yi latti da mako guda. Amma idan rodin linta ya yi latti da mako guda, ginin duka ya yi latti da mako guda, domin linta tana kan ƙashin bayan jadawali.

Amfanin wannan lissafi yana fitowa ne idan aka juya shi daga baya zuwa gaba. Kwana 70 na aiki, idan ana aiki kwana shida a mako, kusan mako goma sha biyu ne, saboda haka duk wanda yake son kwano ya hau ginin nan kafin tsakiyar Yuni dole ne ya sa diga a ƙasa kafin ƙarshen Maris, wanda yake nufin a ba da kwangilar, a miƙa fili, a biya kuɗin kafin alƙalami tun a Fabrairu. Idan takardar ba da kwangila ta fito a watan Mayu, to injiniya mai gaskiya ya kamata ya faɗa wa ma'aikatar cewa zaɓi biyu ne ya rage, ko dai a ƙara hannu da kuɗi domin a gaggauta, ko a tsaya a matakin daɓe a kare fandisho daga ruwa a ci gaba bayan damina. Zaɓi na uku, wanda shi aka fi yi idan babu jadawali, shi ne a ɗaga bango a bar shi tsirara iska da ruwan Agusta su yi ta dukansa, ɗalibai kuma su sake shekara guda a gindin bishiya.

Dutse da ruwa da siminti

Sunan Jigawa da kansa yana nuni ga tudun rairayi, kuma ƙasar Gumel tana zaune ne a kan tarin rairayi da yumɓu na kwarin Tafkin Chadi, inda babu manyan duwatsun da za a fasa a samu tsakuwar kankare da ta kwalta. Irin waɗannan duwatsu suna kudanci da yammacin jihar, a wajajen Dutse da Birnin Kudu da Kazaure, don haka kowace tifar tsakuwa da za ta sauka a Maigatari sai ta yi doguwar tafiya, ta ƙone man dizal mai yawa, kuma yawan sawun da tifa za ta iya yi a yini shi yake ƙayyade saurin aikin fiye da yawan leburorin da aka tara. Marmara mai kyau, wadda ake shimfiɗawa a ƙarƙashin kwalta ko a yi hanyar burji da ita, ita ma ba ko'ina ake samunta ba, kuma gano inda za a haƙo ta da sasantawa da masu gonar da take ciki aiki ne mai cin makonni wanda ya cancanci layinsa a jadawali. Siminti kuwa daga nesa yake zuwa, daga masana'antun Obajana a Jihar Kogi ko Sakkwato ko Ashaka a Jihar Gombe, galibi ta hannun dillalan Kano, ya biyo hanyar Gujungu da Gagarawa zuwa Gumel. Sayensa da wuri yana kare ɗan kwangila daga tashin farashi, amma ajiye shi fiye da kamar wata uku, musamman a ɗaki mai danshi, yana rage masa ƙarfi, saboda haka jadawalin sayen kaya dole ne ya tafi kafaɗa da kafaɗa da jadawalin gini.

Ruwa shi ne abin da baƙon injiniya ya fi mantawa da shi. Rijiyoyin yankin suna da zurfi, kududdufai kuma sukan ƙafe tun kafin bazara, alhali kankare ba ya kai ƙarfin da aka lissafa masa sai ya cika kwana 28, kuma yana buƙatar ban ruwa aƙalla kwana bakwai na farko domin sinadarin siminti ya gama haɗuwa da ruwa ya daskare yadda ya kamata. A zafin Afrilu, ko a busasshiyar iskar hunturu, kankaren da aka zuba da tsakar rana aka bar shi ba rufi yakan bushe ta sama kafin ya kama ta ciki, ya yi ƙananan tsage da ido ba ya gani sosai a ranar miƙa aiki, amma su buɗe bayan damina biyu. Mai kula da aiki da ya san wannan yakan tsara zubi da asuba ko da yamma, ya tanadi buhunan algarara da za a jiƙa a lulluɓe kankaren da su, ya kuma sa haƙa rijiyar burtsatse ko hayar tankar ruwa a sahun farko na jadawali. Haka abin yake a aikin hanya, domin ƙasar da rola za ta danne ba ta dannuwa sai tana da laima daidai gwargwado, kuma gireda da rola da suke tsaye suna jiran tankar ruwa ana biyan hayarsu kowace rana ko sun motsa ko ba su motsa ba.

Auna aiki da riƙe linzaminsa

Jadawali alkawari ne kawai, abin da yake mai da shi makami shi ne sa ido, wato tsarin da ake bi a auna aikin da aka yi a zahiri, a kwatanta shi da abin da aka tsara, a gano giɓin tun yana ƙarami, a ɗauki matakin toshe shi. Tushen wannan tsari shi ne jadawalin asali, wanda ma'aikata da ɗan kwangila suka sa wa hannu a farkon aiki kuma ba a sauya shi sai da rubutaccen dalili, da kuma takardar ƙididdigar kaya, wadda masanin ƙiyasin gini yake jera kowane ɓangaren aiki a cikinta da yawansa da farashinsa. Sai littafin wurin aiki, inda ake rubuta kowace rana yawan ma'aikatan da suka fito, da injunan da suka yi aiki, da kayan da suka sauka, da yanayin sama, da umarnin da injiniya ya bayar. Wannan littafi, wanda ake raina shi saboda sauƙinsa, shi ne yake raba gardama bayan wata shida idan ɗan kwangila ya ce ruwa ne ya tsayar da shi, ma'aikata kuma ta ce sakaci ne.

Daga cikin hanyoyin aunawa akwai wadda ma'aikatar tsaron Amurka ta wajabta wa 'yan kwangilarta tun 1967, wadda take kwatanta lambobi uku: ƙimar aikin da aka tsara gamawa zuwa yau, da ƙimar aikin da aka gama a zahiri, da kuɗin da aka kashe. A ɗauki misalin aikin magudanan ruwa na naira miliyan 100 a cikin garin Gumel, wanda aka ɗibar wa wata goma. A ƙarshen wata na biyar jadawali ya ce ya kamata a ce an gama aikin miliyan 50, amma da aka ɗauki tef aka auna lambatun da aka zuba sai aka tarar na miliyan 35 ne, littafin kuɗi kuma ya nuna an kashe miliyan 45. Wanda ya kalli kuɗi kaɗai zai ce komai lafiya, tunda an kashe ƙasa da rabi a rabin lokaci, amma lissafin yana nuna cewa ana tafiya ne da kashi 70 cikin ɗari na saurin da aka tsara, kuma kowace naira da aka kashe tana samar da aikin kusan kwabo 78 ne kawai. Idan aka ci gaba a haka aikin zai ci fiye da wata goma sha huɗu da kusan naira miliyan 129. Sanin wannan a wata na biyar yana ba da damar ƙara tawagar kafintoci masu kafa katakon zubi, ko sauya mai kawo tsakuwa, ko fara zuba sassan da ruwa ya fi taruwa, alhali saninsa a wata na goma ba ya haifar da komai sai neman ƙarin wa'adi da ƙarin kuɗi.

Sa ido ya haɗa da inganci, domin aikin da aka gama a kan lokaci amma sai an rushe shi an sake bai kammalu ba. Shi ya sa ake ɗibar samfurin kankare a zuba a ƙananan akwatuna, a murƙushe su a ɗakin gwaji a kwana na bakwai da na 28, ake kuma gwada daskarewar ƙasar hanya shimfiɗa bayan shimfiɗa kafin a yarda a ɗora ta gaba. Ya haɗa kuma da kula da sauye-sauye, wato duk ƙarin aiki ko canjin zane da ya taso bayan an fara, kamar a ce a ƙara aji ɗaya ko a karkatar da hanya ta bi ta wata unguwa. Irin wannan umarni idan aka bayar da shi da baki a lokacin ziyarar wani babba, ba tare da an rubuta kuɗinsa da kwanakinsa ba, shi ne tsagewar bangon da ƙadangare yake shiga ta cikinta.

Kuɗi da doka

Dokar sayayya da ba da kwangila ta tarayya ta 2007, wadda ta kafa hukumar kula da ba da kwangiloli ta BPP, ta yi tanadin abubuwa da dama da suke da alaƙa kai tsaye da lokaci. Ta ƙayyade kuɗin kafin alƙalami a kashi 15 cikin ɗari na kwangila, kafin dokar kuɗi ta 2020 ta ɗaga shi zuwa kashi 30 ga 'yan kwangilar cikin gida, ta kuma ce duk kuɗin da ya wuce kwana 60 ba a biya ba bayan an gabatar da takardar shaidar aiki ya zama biyan da aka jinkirta, wanda yake jawo wa hukuma ƙarin biya. Jihar Jigawa, wadda aka ƙirƙira ranar 27 ga Agusta 1991, tana da tata hukumar tantance kwangiloli da bibiyar ayyuka da aka kafa a zamanin Gwamna Sule Lamido, wadda aikinta ya ƙunshi duba farashi kafin a ba da kwangila da duba aiki kafin a biya. A bisa al'ada kwangilolin gini sukan ƙunshi tarar jinkiri, wato kuɗin da ake cire wa ɗan kwangila a kan kowane mako da ya wuce wa'adi ba da uzuri ba, da kuma kuɗin riƙo, galibi kashi biyar cikin ɗari, da ake tsarewa har sai an ga ginin ya shafe wasu watanni bai nuna aibu ba. Duk waɗannan tanade-tanade ba su da haƙora idan babu jadawalin asali, domin ba a iya cin tarar mutum a kan jinkirin da ba a iya aunawa, ba kuma a iya tabbatar da cewa ma'aikata ce ta jawo jinkirin ta hanyar riƙe biya.

Babbar matsalar ita ce shekarar kasafin kuɗi tana farawa ne a Janairu, lokacin da kusan rabin rani ya wuce. Kafin a yi talla a jaridu, a karɓi takardun neman kwangila, a tantance, majalisar zartarwa ta amince, a saki kuɗi, sau da yawa an shiga Afrilu ko Mayu, sai ɗan kwangila ya isa wurin aiki tare da hadari. Maganin wannan yana hannun ma'aikatu, domin babu abin da ya hana a kammala aunen fili da zane da ƙididdigar kaya da tantance 'yan kwangila a cikin watannin damina, lokacin da aikin fili yake kwance, ta yadda za a miƙa wurin aiki da zarar ƙasa ta tsane. Darasin 2023 da 2024 ya isa hujja a kan tsadar jinkiri, domin bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023 da sakin darajar naira a watan Yuni, dala ta tashi daga kusan naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a Fabrairun 2024, buhun siminti kuma ya tashi daga wajen naira 5,000 ya haura 10,000. Aikin da aka kammala a ranin 2023 ya tsira da farashinsa, wanda kuma ya zame da shekara guda ya koma teburin sake duba farashi, ko ya tsaya cak.

Zama a bakin iyaka ma yana da nasa haɗarin da mai tsara aiki ya kamata ya rubuta tun farko. An rufe iyakokin ƙasa na Najeriya a Agustan 2019, kuma Maigatari tana cikin iyakoki huɗu na farko da aka buɗe a Disamban 2020, sannan aka sake rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris na 2024. Kowace rufewa tana taɓa zirga-zirgar 'yan cin rani da motocin haya da cinikin garin. Rajistar haɗurra, wato jerin abubuwan da ka iya faruwa da matakin da za a ɗauka a kan kowanne da sunan wanda zai ɗauke shi, ita ce wurin da irin waɗannan al'amura suke zama.

Abin da manyan ayyuka suka koyar

Matsalar ba ta tsaya a ƙananan ayyuka ba. Kwamitin da Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa ƙarƙashin Ibrahim Bunu ya ba da rahoto a 2011 cewa akwai ayyukan tarayya 11,886 da ba a kammala ba, waɗanda ƙarasa su zai ci kimanin naira tiriliyan 7.78. Hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano, mai tsawon kusan kilomita 375, an ba da kwangilarta ga Julius Berger a Disamban 2017 da wa'adin wata 36, amma har gwamnati ta soke kwangilar a Nuwamban 2024 akwai ɓangaren da ba a gama ba. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kusan kilomita 284, wanda ya ratsa Kazaure kuma yake da reshe zuwa Dutse, an aza harsashinsa a Fabrairun 2021 da wa'adin shekara uku, wa'adin kuma ya cika aiki yana gudana. A wajen Najeriya ma, binciken da Bent Flyvbjerg da abokan aikinsa suka wallafa a 2002 a kan ayyukan sufuri 258 ya nuna cewa kusan tara cikin goma sun zarce kuɗin da aka ƙiyasta musu, abin da yake nuna cewa ɗan Adam a ko'ina yana da ɗabi'ar rage wa aiki kwanaki a takarda domin a amince da shi.

A cikin masarautar kanta akwai ayyuka biyu da suke nuna cewa jadawali ya wuce batun bulo da siminti. Yankin ciniki maras shinge na Maigatari, wanda aka kafa a zamanin Gwamna Saminu Turaki domin cin gajiyar kasuwancin riɗi da zoɓo da dabbobi da fatu a bakin iyaka, ya daɗe bai kai matsayin da aka yi masa buri ba, kuma gwamnatocin da suka biyo baya sun sha maganar farfaɗo da shi. Irin wannan wuri ba ya rayuwa da rumbuna da katanga kaɗai, sai wutar lantarki da ruwa da hanya da jami'an kwastam da masu zuba jari sun haɗu a lokaci guda, kuma haɗa su aiki ne na babban jadawali ɗaya da yake ɗaure hukumomi daban-daban. A Gagarawa kuwa, garin da layin dogon Kano zuwa Nguru ya ratsa tun 1930, shirin noman rake da masana'antar sukari na kamfanin Lee Group, a fili mai faɗin kimanin hekta 12,000, ya gamu da ƙorafin manoma a kan gonaki da diyya a zamanin Gwamna Muhammad Badaru Abubakar. Samun fili da yardar masu shi da biyansu haƙƙinsu yana kan ƙashin bayan kowane jadawali, kuma zama da hakimi da dagaci da mai unguwa da manoma yana cin lokacin da dole ne a ware masa, domin katafila ba ta iya gaggauta shi.

Matakan da suke hannu

Aiwatar da wannan tsari a ƙananan hukumomin nan huɗu ba ya buƙatar manhajar kwamfuta mai tsada, ko da yake manyan kamfanoni suna amfani da irin su Primavera da Microsoft Project. Ginin azuzuwa ko ɗakin shan magani ya wadatu da jadawali na shafi guda da aka liƙa a allo a wurin aiki, da littafin rubutun yini, da taron mako-mako na rabin awa tsakanin injiniya da ɗan kwangila da shugaban magina, da hotunan waya masu ɗauke da kwanan wata da ake aika wa ma'aikata. Abin da ake buƙata daga hukuma shi ne ta ƙi sakin kuɗin kafin alƙalami sai an gabatar da jadawalin da injiniya mai rajista da hukumar COREN ko magini mai rajista da CORBON ya duba, ta ɗaure kowane biya da matakin da aka auna, ita ma kuma ta ɗaure kanta da ranakun biya, domin ɗan kwangilar da yake bin bashin wata huɗu ba shi da bakin da zai umarci tifa ta fito.

Al'ummar da aka yi aikin dominta tana da rawar takawa, musamman kwamitocin kula da makarantu da na cibiyoyin lafiya da suke kusan kowace mazaɓa. Idan allon aiki ya nuna ranar farawa da ranar da za a kai linta da ranar rufi da ranar miƙawa, shugaban makarantar firamare a Sule Tankarkar ko mai unguwa a Maigatari yana iya ganewa da idonsa a watan Afrilu cewa ginin da ya kamata ya kai linta bai wuce daɓe ba, ya sanar da ofishin ƙaramar hukuma yayin da sauran mako shida ko bakwai kafin ruwa ya sauka, lokacin da ƙarin birkila biyu da tifa ɗaya ta yashi za su iya ceto shekarar karatu ta yaran garin.